Binne

Ran Laraba muka yi binne, ni da Habila,
ƙasa a bushe kamar gindin tukunya.
Ya ce, "Jefa ka rufe.
Mai sama bai manta hanyar Gani ba."

Kwana goma sha tara.
Hadari ya haɗo, ya leƙa mu, ya wuce Sumaila.
Zabi suka tone rabin gonata.
Ran Lahadi aka buga tsohon ƙarfen nan da muke kira ƙararrawa,
na zauna a bencin baya,
baki yana waƙa, zuciya tana ƙirga ramuka.

Ya Yesu, ka ji gunagunina, ban ɓoye maka ba.

Da almuru sai ga Habila a bakin danga
da tiya biyu ta gero a tsohon buhun taki,
irin da ya ajiye wa kansa.
Bai yi mini wa'azi ba.
Ya tambayi ƙafar Lai'atu, ya sha ruwa, ya tafi.

Ruwa ya sauko daren Jumma'a ina barci.
Yoyon ɗaki ne ya tashe ni.

Na gode maka don ruwan.
Amma in na durƙusa,
buhun nan ne ke fara zuwa bakina.