Rumfa Ta Uku, Wadi Sayyidna

Ni ne Makau, jikan mutanen Mai Wurno.
Shekara talatin da ɗaya na yi ƙarƙashin fiffike,
sifana a hannu, baƙin mai a farce,
ko sau ɗaya ban tashi ba.

'Yan ko-ta-kwana ake ce mana.
Mirgani malamin lissafi ne a Omdurman,
Daf'allah yana awon auduga a Jazira,
sai Alhamis su zo su shiga kaki,
alli bai gama barin yatsun Mirgani ba.

Na farko mai farfela ne, muka raɗa masa Shamuwa.
Da asuba tari yake kamar tsohon mashayin taba,
sai an lallaba, sai an roƙa.
In ya hau kuwa, yakan bi Nilu a hankali
har matuƙi ya ƙirga kwalekwalen masunta.
Bai taɓa fita da mutum ya ƙi maido shi ba.

Sai ga na Rasha cikin akwatunan katako,
hanci buɗe kamar bakin tulu,
da littafi mai rubutun da ba mu san gabansa ba.
Wani jan-kunne ya koyar da mu da yatsa da tsaki.
Muka ce Shaho.
Shi ya ɗauki Daf'allah wata safiya.
Ni na ɗaure kowane noti, na sani,
har yau ina sake ƙirga su in barci ya ƙi.
Shayinsa na kan duro, na'ana'a na yawo a ciki,
har aka kira magariba ba wanda ya ce a zubar,
ni ma ban ce ba.

Manya suka ɓata da manya, kayan gyara suka ƙafe.
Muka riƙa yanka ɗaya mu ciyar da biyu,
fiffiken wannan, ƙafar wancan.
Na Sin ya iso, sak ɗan'uwan Shaho,
amma kama da wane ba ta wane,
notinsu bai shiga ramin juna ba.

Kowanne ya zo, ni ke zana masa barewa a wutsiya.
Jirgi ya sauya, barewa tana nan,
sai dai hannuna da ya fara rawa,
ta ƙarshen ƙahonta bai miƙe ba.

Yanzu yaro ne ke jona waya a cikin jirgi,
allo ya faɗa masa inda ke ciwo.
Ni da kunne nake ji.
An ce ma akwai wanda ba ya son matuƙi,
to wa za a ajiye wa shayi?

Shamuwa na bakin ƙofa, an dasa shi a siminti,
tantabaru sun yi gida a mazaunin Mirgani.
Jiya jikata Sakina ta ce, Kaka, yaya sama take?
Na ce ta tambayi tantabarun,
ni ƙasan fiffike na sani, inuwarsa sanyi gare ta,
ban ga abin da ya fi ta ba.