Wutar da Ba Ta da Harshe

Shekara talatin ina yashe taɓon nan,
baƙi ƙirin, a gindin tafkin jatan lande,
ina kwasa da bokiti, ina toshe hanci.
Ban taɓa zaton akwai fitila kwance a cikinsa ba.

A nan Ben Tre ruwa ne hanyarmu,
kogi ya sauko da safe, teku ya turo shi da yamma,
kwakwa ta yi mana rumfa.
Jatan lande kuwa ɗan lele ne:
in fankar ruwa ta tsaya cikin dare,
kafin zakara ya yi cara ya shaƙe.

Na sani. Daren da aka ɗauke wuta,
lokacin Luom, maigidana, yana da rai,
janareta ya yi tari sau uku ya ƙi tashi.
Muka faɗa tafki da faranti da murfin tukunya
muna dukan ruwa don ya sha iska
har hannuwa suka mutu.
Gari ya waye, ga su birjik, ciki sama.
Bashin banki bai mutu tare da su ba.

Sai Diem, autata, ta dawo daga karatu a Can Tho
da wani malami mai ƙaramar murya, Kieu Thanh.
Suka ce: ba mu taɓonki.
Na ce ku ɗiba, kyauta, har da tukuici.

Suka gina masa tumbi na siminti,
suka haɗa shi da tuƙar rake, suka rufe.
Ya kwana, ya kumbura, ya yi gyatsa.
Gyatsar nan, wai, ita ce dukiyar.
Sai dai tana tafe da warin ruɓaɓɓen ƙwai,
farar wuta ce, dafi ga inda za ta shiga,
dole a tace ta cikin gawayin buntun shinkafa
yadda ake rege tsakuwa kafin a zuba a tukunya.

Sannan akwatin.
Tsayinsa bai wuce kafaɗata ba.
Na zauna ina jiran ruri, ina jiran hayaƙi.
Tsit.
Na ce, ko ya mutu ne tun a hanya?
Diem ta kama hannuna ta kai jikinsa:
ɗumi, irin na kaza a kan ƙwai.
A ciki, in ji ta, faya-fayai ne na yumɓu, sirara, a jere,
sun fi tanderu zafi.
Gas ta wannan fuska, iska ta waccan,
ba sa gamuwa balle su kama da wuta,
sai dai su miƙa wa juna saƙo ta jikin bango,
saƙon ne ke bin waya.
Na ce: ni da ubanki ke nan, kafin iyaye su farga.

Kada in yi ƙarya, ba kullum ake kwana a gado ba.
Wata na uku muka sha'afa da canza gawayi,
akwati ya ƙware, ya yi gum.
Mako bakwai muna jiran kaya daga jirgin ruwa,
kuɗinsu ba zan faɗa ba.
Maƙwabcina Tu Hoanh ya leƙo ta kan shinge:
abin da ya fito daga ruɓa ai ba ya ƙarko.
Ban tanka ba.
Bana shi ya aiko ɗansa da littafi da biro
yana auna faɗin tumbinmu.

Yanzu tsakar dare ne.
Layin gwamnati ya ɗauke tun bayan cin abinci,
ƙauye duk duhu, sai kukan kwaɗi.
Amma fankokina huɗu na juyi,
suna kaɗa ruwa yana fari kamar ana wanki.
Ƙarƙashinsu jatan lande na ci, suna kashi,
kashin na sauka ya zama taɓo,
taɓon gobe zai ba su numfashi.

Luom, da ka ga wannan
da ka ce tsafi ne, sannan ka nemi sukudireba.

Murfin tukunyar nan, wanda ya lotse a daren,
har yau yana rataye a bakin ƙofa.
Diem ta ce in yar.
Na ce bari tukuna,
a ga damina biyu.