Yadi Goma

Ƙarfe biyun dare a injin casar Alhaji Marafa,
Argungu ta yi tsit, sai kwaɗin fadama.
Ni Labbo mai gadi, ga tocila, ga gora,
ga talabijin da direbobi suka bari a kunne.
Nan na same su, ƙarti cikin hular kwano,
kafaɗu kamar an cusa musu buhunan buntu,
suna kokawa kan ƙwallo mai siffar gwanda
wadda ba ta iya mirgina ba, sai tsallen fara.

Zayyanu ɗan ƙanwata ya ce, "Kawu, na Amurka ne.
Sau huɗu ake ba ka, ka ci yadi goma."
Yadi goma? Ai babbar riga ce da 'yar ciki,
tela zai yanka kafin shayinsa ya huce.
Su ko nawa, masu riga ruwan toka,
in sun ci uku gaba
sai a mai da su biyar baya.

Ban zaɓe su ba. Daren farko su aka lallasa,
na ga mai jifansu, lamba tara,
zaune kan benci ya lulluɓe kai da tawul,
irin zaman da na yi bara bakin gonata
ranar da gulbi ya kwana cikin shinkafa.
Tun daga nan muka zama 'yan uwa.
Shi bai sani ba.

Mako na biyu, kashi. Na uku, kashi.
Na shida alƙali ya wurga ƙyallensa rawaya
ya soke cin da na riga na yi wa ihu
har karen maƙwabta ya taya ni.
Na tara suka ci, da tazarar ɗaya tak.
Da asuba na sayi ƙosai na raba wa 'yan dako,
suka cinye, suka sa albarka,
ba wanda ya tambayi sunan jaririn.

Sai gwiwar lamba tara ta goce.
Aka kwashe shi a 'yar mota yana ɗaga hannu.
Yaron da ya gaje shi, Allah sarki,
yana miƙa wa abokan gaba ƙwallo
kamar mai biyan tsohon bashi.
Mai bugunsu kuma, ga gwafa buɗe kamar ƙofar gari,
sai ya zaɓi ƙarfen.
Ƙwal! Har nan na ji ta a haƙorina.

Ran Litinin aka sallami kocin.
Ƙanƙara ta fara zuba musu kamar dusa,
kujeru suka yi ta zama su kaɗai.
Na ga wani tsoho can sama, da jikansa a cinya,
bai tashi ba har aka busa.
Da ina da lambarsa, da na kira mun gaisa.

Da gawayi nake zanawa a bangon ɗakin gadi:
sha biyar hagu, biyu dama.
Alhaji ya gani, ya zaci lissafin buhu ne,
ya sa aka sake ƙirga sito.

Da aka rufe kaka Zayyanu ya zo da labari:
"Can, wanda ya zo kutal
shi ke fara zaɓen sababbin 'yan wasa baɗi."
Na daɗe ban ce komai ba.
Na tuna layin takin bana,
mu da ruwa ya ci muka tsaya a wutsiya,
kafin a zo kanmu an karkaɗe mota.

To. Rani ya kama, na ranto iri wurin Manu,
injin ban ruwa yana tari amma yana tashi.
Jiya na tsaya gefen kunya, na ƙirga taki goma,
na kafa kara.
Sau huɗu aka ce, ko?
Wannan ne na biyuna.