Idon Aro

Shekara goma sha ɗaya ina tuƙa hanyar nan,
na san ta kamar yunwar cikina:
Lisbon da hantsi, Porto kafin almuru,
zango uku a tsakani,
da jawabin da na haddace tun da sauran gashi a kaina.

Ran Talata aka ba ni mutum ɗaya,
Dona Ermelinda, 'yar tsohuwa,
da sanda, da jaka mai ƙamshin lemo,
da takardar asibiti ninki huɗu.
Ta ƙi kujerar baya.
"Custódio ko? Gaba zan zauna.
Ni ba buhu ba ce da za a loda."

A Óbidos na buɗe baki na fara zuba,
ganuwa, ƙarni kaza, sarauniya wance.
Ta ɗaga hannu.
"Wannan kowa ma zai karanta min.
Gidan da ke gabanmu, wane launi ne?"
Na ce fari.
"Fari kawai?"
Na duba. Ashe an ja masa shuɗi a gindi
kamar bakin zane,
tagar ruwan ƙwai ce,
ga wata mage a kai tana wanke fuska.
Sau ɗari nawa na wuce ƙofar nan
ban taɓa yi wa magen sannu ba.

"Gobe za su taɓa idon," in ji ta.
"Na hagu ya riga ya yi sallama.
Na dama, likita ya ce ko a samu ko a rasa.
Shi ya sa ban hau jirgin ƙasa ba,
jirgi ba ya jin tsaya."

A Nazaré iska ta so ƙwace mata mayafi.
Ba ta nemi hawa tudu inda ake ɗaukar hoto ba,
wajen masu shanyar kifi ta ja ni,
ta shaƙa, ta yi dariya har da tari:
"Rigar babana ke nan, sak!"
Can ta ce, "Tekun fa?"
Na ce shuɗi.
"Ƙarya kake, yaro. Sake lale."
Na sake. Nan kusa kore ne, irin na kwalba,
can nesa kamar bayan tsohon cokali,
inda ya fashe a kan dutse kuwa
sai ka ce madara ta tafasa ta zube.
Ta yi shiru tana adanawa.

Ofis suka kira sau biyu, mun makara.
Na kife wayar.

Bayan nan ni na taka birki da kaina,
a wurin da ba ya cikin tsari,
ba shago, ba allo, ba inuwa:
turakun lantarki a tsakiyar gonar shinkafa,
kowanne da sheƙar shamuwa a ka.
Na ƙirga mata, tara,
ɗaya a tsaye da ƙafa guda kamar mai jiran bashi.
"Ka ga," ta ce, "ka fara iyawa."

A Aveiro gishiri kawai ta so.
Ta ɗanɗana a bakin fadama,
ta ƙulle kaɗan a gefen hankici.
Kwale-kwalen fenti suka wuce, ban ce uffan ba
sai da ta zungure ni da sanda.

Dare ya riga mu shiga Porto.
A kan gada ta dafa hannuna:
"Yi shiru. Wannan ina gani da kaina."
Fitilu ne a kan kogi,
ban san yadda suka iso gare ta ba.

Na sauke ta a ƙofar 'yar ƙanwarta.
Ta biya, ta ɗora min lemo ɗaya a kai.
Ban karɓi lamba ba. Har yau ban ji labari ba.

Ran Alhamis na kawo baƙi huɗu Óbidos,
ina tsakiyar sarauniya wance
sai maganar ta tsinke min.
Tagar na nan, ruwan ƙwai.
Magen ce ban gani ba,
na tsaya ina nemanta, su kuma suna jirana.