Inda Ruwa Ke Bi

Shekara sha tara ina koyar da labarin ƙasa
a aji mai taga uku, bayan Ƙofar Marusa.
Taswirar duniya a bango, gara ta cinye rabin teku,
ni kuwa da tsumagiya ina nuna wuraren da ban taɓa takawa ba.

Na ce arewa sama, kudu ƙasa.
Suka haddace.
Na ce wannan layi ya fafe duniya biyu kamar duma.
Suka rubuta duma.
Ran jarrabawa su maido mini da kayana cif,
kamar mai maido aron tabarma bayan suna.

Sai ga Malama Barira daga jami'a,
jaka a kafaɗa, takardun tambaya a hannu.
Bincike take, in ji ta, kan yadda yaro ke riƙe wuri a ka.
"Malam, ara mini ajinka Laraba uku."
Na koma bencin baya na harɗe,
in ga da me na'ura za ta fi ni.

Larabar fari ba ta kunna komai ba.
Farar takarda ta raba: kowa ya zano hanyarsa daga gida.
Sahura ta zana rumfar mai ƙosai ta fi asibiti girma.
Mudi ya yi wani dogon zagaye ba gaira ba dalili,
da aka matsa ya ce akwai kare a lungun.
Na tuntsire da dariya.
Ita ko ta sunkuya ta rubuta: kare.

Laraba ta biyu ta haska bango,
ga Katsina daga sama, kamar tsaba a faifai,
tituna sun bazu kamar jijiyar ganyen kuka,
Gobarau da muke ɗaga wuya mu kalla
ta koma ɗigon tawada.
Aji ya kaure:
"Ga gidanmu!"
"Kai, wannan rufin su Ɗayyabu ne!"

Can Lurwanu ya miƙe.
Lurwanu mai bakwai bisa ɗari,
wanda ke tura kurar ruwa da asuba kafin ya zo yana gyangyaɗi.
"Malama, da rani aka ɗauki hoton nan.
Ga kududdufin bayan maƙera a bushe.
Kuma nan da kike ganin hanya,
in Agusta ta yi, ba hanya ba ce."

Ya sa yatsa a bango, inuwarsa ta rufe unguwa guda.
"Daga nan yake gangarowa,
ya karya kwana gindin darbejiya,
ya kwana a zauren Iya Tasalla."
Ta ce wa ya koya maka tudu da gangare?
Ya ce, "Kura.
Inda ta yi mini gardama, tudu ne.
Inda ta ja ni da gudu, nan ruwa zai bi."

Zango guda na yi ina zana masa layukan tudu da alli,
ashe a kafaɗa yake ɗauke da su.

Laraba ta uku muka fita gaba ɗaya,
waya a hannun Sahura tana ɗiga alama,
Lurwanu a gaba, mu a baya,
har da ni, ina tattare babbar riga.
Muka ratsa lungun Mudi. Karen na nan kuwa.

Da za ta tafi ta miƙo mini takarda:
me na'ura ta ƙara wa darasinka?
Layi biyu kacal aka bari.
Har yau tana aljihuna, ta fara laushi.

Jiya da la'asar hadari ya haɗo daga gabas.
Ban shiga gida ba.
Na tuɓe takalmi, na naɗe wando,
na bi jan ruwan nan a baya kamar mai rakiya,
da buhunan leda da kwalin ashana,
har gindin darbejiya.

Ya karya kwana.