Inda Ruwa Ke Kwana

An shimfiɗa takardar a teburin sakatariyar Ringim,
aka danne kusurwa uku da kofi, da makulli, da wayar Alhaji Tanimu.
Ta huɗu ni na dafe da tafin hannu,
don fanka na neman tashi da garinmu sama.

Eka goma sha ɗaya, daga tsohuwar tasha zuwa bakin kasuwa.
A nan kakana ya auna gyaɗa,
a nan na fasa babban yatsa ina bin ƙwallon tsumma.
Yau Injiniya Nafi'u ya ratsa filin da biro,
ko ƙaya bai taka ba.

Nan shaguna ɗari biyu, in ji shi,
a samansu ɗakunan haya, hawa uku.
Nan banki, nan asibitin haihuwa,
masauki don baƙin da ke zuwa sayen riɗi,
ɗakin sanyi, kada tumatir ya sake ruɓewa a kwando.
Da ya ambaci tumatir sai na sunkuyar da kai.
Bara ƙanena Sagiru
ya juye kwando arba'in a gefen titi,
ya dawo gida yana goya ɗansa kamar ba a yi komai ba.

Saboda haka ba ƙi nake yi ba.
Allah ya sani ina so.
Ni mai jan tef ne, mai kafa turke,
shekara ashirin bakin igiya na hannuna, wani ke karanta lamba.

Sai dai akwai wani fari a kudancin takardar
da aka rubuta wa: wurin ajiye motoci.
Kududdufi ne.
Daga cikinsa aka haƙo rabin katangun garin nan,
shi ya sa duk damina ruwa ke biyo bashi.
Yakan sauko ta lungun mahauta,
ya gaida Cindo mai faci a rumfarsa,
ya kewaye tsamiya ta hagu, bai taɓa bin dama ba,
ya kwanta a nan har kaka
tare da kwaɗinsa da agwagin Gwaggo Ladingo.

Na ce, ranka ya daɗe, in an cike shi, ina zai kwana?
Aka yi dariya irin ta masu jiran a kawo abinci.
Alhaji ya ce tifa ɗari uku ta isa.
Injiniya bai yi dariya ba.
Ya dubi busasshen taɓon da ke takalmina.

Ruwa bai yi boko ba.
Ba a kai masa sammaci, ba ya karɓar diyya.
Ka hana shi ɗakinsa, ya nemi naka,
ko na tsohuwar da ba a gayyata taro ba.

Washegari bayan asuba ya ƙwanƙwasa mini ƙofa,
ya naɗe ƙafar wando.
Muka bi sawun ruwa a busasshiyar ƙasa.
Gwaggo ta ɗora sandarta a jikin garu:
nan ya kai shekarar da aka haifi Uwale,
nan kuma, ta ɗaga hannu sama da kanta,
shekarar da muka kwana a makaranta.
Ya auna, ya rubuta, ya sake aunawa.
Cindo ya leƙo da hannu baƙi ƙirin,
ya ce, a cikin ɗari biyun, wace lamba ce tawa?
Ba wanda ya amsa masa.

Yanzu akwai shuɗin layi a takardar,
yana lanƙwasa ta hagun tsamiya.
Ya ci shago goma sha huɗu.
Alhaji ya ƙirga su da yatsa, sau biyu,
ya ce zai yi shawara.

Ni dai na kafa turakuna a bakin kududdufi, na shafa musu jan fenti.
Akuya ta riga ta tuge guda.
Gabas ta fara haɗa gira.