Ɗinkin Wani

Shekara talatin da huɗu ina bakin kasuwar Maraɗi,
basilla a hannu, jar fata a cinya.
Ni ba na fara duban fuskar mutum.
Ƙafarsa nake fara gaisarwa.

Ran Laraba motar Yamai ta sauke Tsahiru.
Kwana tara makarantar hafsoshi ta ara mana shi.
Kai ƙwal, wuya ya ƙara tsawo,
ya durƙusa gaisuwa, gwiwa ta yi ƙara irin ta tsoho.
Na ce, ya karatu? Ya ce lafiya lau.
Ya kwanan daji? Lafiya lau.
Sahura ta bi shi da tambaya har bakin randa,
ita ma lafiya lau ɗin ta samu,
ita da ta sayar da awakinta biyu a Tibiri
don kuɗin motar zuwa jarrabawa.

Da ya yi barci na ɗauko takalman daga zaure,
na kunna cocila.

Na hagu ya cinye ta gefen waje.
Yaron nan ya yi ɗingishi, ya daɗe yana yi,
kuma yana ɓoyewa.
Ciki, wajen babban yatsa, jini ya bushe hawa uku,
na ƙasa baƙi, na sama bai gama baƙi ba.
Ƙarangiya a bakin ɗinki.
Laka mai wari, ba ta gulbinmu ba.
A harshen takalmin babu Tsahiru, babu sunana,
lamba ce kawai da jan biro.
Ya cusa takarda a diddige don rage zafi,
na warware ta: lissafin nisa ne, da zanen tudu,
da wani gyara na malami mai hannu kamar tsagar wuƙa.

Sai ga ɗinkin.
Subhanallahi.
Tun da nake ban ga mummunan ɗinki irinsa ba.
Da zaren kamun kifi aka yi shi,
taku ɗaya dogo, ɗaya gajere,
kamar sawun ɗan maraƙi ran haihuwarsa.
A takalmin ɗan baduku!

Da safe wajen koko na ajiye shi gabansa.
Na ce, wane maƙiyin fata ne ya yi wannan?
Ya yi dariya, ta farko tun saukarsa,
har koko ya sarƙe shi.
Ya ce, Abari ne, wani ɗan Ngigmi, gadonsa na saman nawa.
Daren doguwar tafiya tafin ya rabu, ƙafata ta kumbura.
Ya karɓi bindigata ya haɗa da tasa
har wayewar gari.
Da aka ba mu hutun minti goma
bai sha ruwa ba, ya zauna yana ɗinki a duhu.

Na riga na wasa aska don farke shi.
Na mayar da ita kube.

Kwana biyu ina aiki kewaye da ɗinkin Abari.
Na sa sabon tafi, na shimfiɗa kirgi mai laushi a ciki,
wanda na ɓoye tun bara, jimar bagaruwa.
Rediyon Ɗan Jimma mai shayi yana ta faɗin abin da ya faru a iyaka,
na ce ya rage murya, zare na ƙwace mini.

Ran komawa, a tasha, ban iya dogon jawabi ba.
Na ce, in sun ɗora maka galan a kafaɗa
suka ba ka ƴaƴan mutane talatin,
kafin ka ce su tashi,
ka sa su cire takalmi ka gani.

Na miƙa masa ƙunshi a leda.
Ya ce, na mene ne?
Na ce, na mai mummunan ɗinki ne.
Ban san lambarsa ba, na yanka da girma.
In ya yi yawa ya rage da wuƙa,
amma don Allah kada ya ɗinka.